Tsinke Biyu Marasa Tsini

Lantana ce ta matsa, ranar da albashinta na fari ya shigo:
Baba, yau kai za a gasa wa.
Na bar tukuba tun la'asar,
na miƙa wa Ɗan'asabe wuƙa da kashedi,
muka kutsa cunkoso har wani lungu a Yaba,
bayan shagon mai gyaran janareta,
inda jar fitilar takarda ke lilo a bakin ƙofa
kamar tumatirin da ya ƙi faɗuwa.

A ciki, kowane tebur da ramin wutarsa.
Shekara talatin da ɗaya ina tsaye kan garwashi a Obalende,
ban taɓa ganin an zaunar da shi tsakiyar baƙi ba
kamar ɗan gida.
Hayaƙin ma an yi masa bututu, yana hawa da ladabi.
Nawa ido yake nema.

Yarinyar da ta kawo tawul mai ɗumi, Morenike,
na yi mata tambayar da ke cina: wa ya yanka?
Ta leƙa kicin ta dawo: Alhaji Barau, na mayankar Agege.
Barau da ke bina kuɗin cinya biyu!
Na yi bisimilla da ƙarfi.

Sai ga nama ɗanye,
an fere shi har kana hango zanen faranti ta cikinsa.
Na ce, ina mai gashin?
Ta danne dariya: kai ne, Baba.
Wato na keto Legas
in biya kuɗi a sa ni aikina.

Aka ba ni tsinke biyu marasa tsini.
Ni da na soke shanun da suka fi garken Sarkin Fulani,
yanka ɗaya ya gagare ni,
ya sulluɓe, ya faɗa ruwan waken suya,
ya fantsama wa farar rigata tambari.
Lantana ta kama yatsuna tana gyarawa,
yadda na kama nata a kan alƙalami
tana 'yar shekara biyar.
Ban ce komai ba. Na kalli wuta.

Wani koren abu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
na raina shi.
Ta hanci ya bi, ya buɗe min ƙofofin da ban san ina da su ba.
Hawayen da na ɓoye ɗazu suka sami uzuri.

Can aka ɗauke lantarki.
Kafin janareta ya gama tari
ba abin da ya rage sai jajayen idanun tebura,
da ƙanshin kitse, da ruwa a kan kwano.
A duhun na zaro ƙullin yajina daga aljihu,
na barbaɗa kamar ɓarawo.

Haske ya dawo, ga mai gidan a kaina,
tsoho ɗan Japan, gajere, kai ɗaure da farin ƙyalle.
Ya shinshina. Ya miƙo tafi.
Na zuba masa, ya ɗanɗana, ya rufe ido,
ya yi atishawa sau uku, ya rusuna.
Sai ya ɗauko gawayinsa guda biyu ya buga,
suka yi ƙara kamar ƙarfe.
Na juya ɗaya a hannu, na jinjina kai:
wannan zai kai asuba.
Ba Hausa, ba Yarbanci, ba nasa,
amma na ga bayan hannunsa babu gashi,
ya ga nawa.

Takardar kuɗi ta zo, Lantana ta dafe da tafi.
Na hango sifirai ta tsakanin yatsunta,
na lissafa tsire nawa ke nan, na daina.

A cikin danfo ta yi barci a kafaɗata.
Tsinken nan biyu suna aljihu, inda yaji yake ɗazu.
Gobe zan gwada su a tukuba,
in Ɗan'asabe ya juya baya.